Tulun da Ya Ƙi Shiga Kabari

A ƙauyenmu na Obatani, can cikin duwatsun Nara, babu wanda bai san Tatsuro na gidan Kumazawa ba, duk da cewa shekara talatin da huɗu ke nan da ya tattara ya koma Tokyo. Ba yawan ganinsa ne ya sa aka san shi ba, yawan jin sa ne. Duk sabuwar shekara sai ya bugo wa uwarsa waya, kuma da yake kunnen tsohuwa Kameyo ya yi nauyi, takan ƙure muryar wayar, maƙwabta har gida uku su sha labarin yadda Tokyo ba ta motsi sai da saninsa. A faɗarsa, rabin dogayen benayen birnin da hannunsa a ciki. Ba za a ce ƙarya ya shara gaba ɗaya ba. Kamfanin da yake wa aiki murfin masai yake sayarwa, kuma kowane bene yana da banɗaki.

Da ciwo ya kwantar da Kameyo, ya zo ya ɗauke ta, ya ce likitocinmu ba abin da suka iya sai awon jini da doguwar gaisuwa. A can ta yi wata biyar, a can ta cika, a can aka ƙone gawarta. Kwana biyu kafin ta rasu ta riƙe masa wuyan hannu, ta ce ya mayar da ita wurin babansu ranar cikar kwana arba'in da tara da rasuwarta, kada ya ƙara ko yini ɗaya, don tsohon ya jira ta shekara ashirin kuma ko da ransa ba mai haƙuri ba ne. Ta buɗe baki za ta ƙara wata magana, ya dafa kafaɗarta.

"Inna, ki bar mini komai. Abin da zan yi miki, Obatani ba ta taɓa ganin irinsa ba."

Tsohuwa ta dube shi, ta lumshe ido. Shi ya ɗauka gamsuwa ce.

A yi masa adalci, yana son uwarsa, kuma abin yana cin sa a rai cewa a duk shekarun nan bai kwana gidanta sau goma ba. Matsalar Tatsuro ita ce bai san wata hanyar nuna ƙauna ba sai da girman abu. Firijin da ya taɓa aiko mata har yau yana rumfar itace, don ya ƙi shiga ƙofar kicin. A ciki take ajiye takalman gona.

Ana saura kwana biyu ya iso cikin wata doguwar baƙar motar haya, yana danna ham tun daga gada, don kada wani ya ce bai ji ba. A kujerar gaba, ɗaure da bel, tulun ƙashin uwarsa ne. Tulun tangaram ne shuɗi, an zana masa tsuntsaye da ruwan zinariya, murfinsa na murɗawa, girmansa kuwa sai mutum ya rungume shi da hannu biyu kamar tukunyar shinkafar biki. Ya ɗora shi a tsakiyar ɗakin baƙi, ya shaida wa duk wanda ya shigo gaisuwa cewa musamman ya sa aka yi shi, kuma masu yin sa sun tabbatar masa ko daga saman bene ya faɗo ba zai fashe ba.

Duk wanda ya dubi tulun sai ya dubi na kusa da shi, sannan ya dubi tabarma. A Tokyo haka suke yi, su kwashe ƙashi kaf su cika babban tulu, su ajiye shi yadda yake a ƙarƙashin kabari mai faɗin ƙofa. Mu nan ba ma binne tulu. Ƙarƙashin dutsen kabarin kowane gida rami ne na ƙasa zalla, bakinsa bai wuce buɗaɗɗen tafin hannu ba. Ana juye ƙashi a jakar farin ƙyalle a zura, ƙyalle ya ruɓe, na baya ya gauraye da na gaba. Kowa ya san wannan, ban da Tatsuro, wanda ranar da aka sa babansa ya iso bayan an watse, saboda wani muhimmin taro a kan murfin masai.

Ƙanwarsa Sonoe, wadda ke aure a ƙauyen gaba kuma ita ta yi ta ɗawainiya da tsohuwa shekara da shekaru, ta matso kusa da shi ta yi ƙasa da murya.

"Yaya, tulun nan fa..."

"Na sani, ya yi kyau. Kada dai ki taɓa da hannu, akwai safar hannu a mota."

Ta sake gwadawa wajen cin abinci, ya ce ta bari ya gama bayani. Bayanin kuwa na tsarin taro ne: rumfa, lasifika, da ɗan littafi da ya buga wa kowa, mai hotonsa rungume da uwarsa a bango, an ga fuskarsa duka, an ga rabin tata. Sai jawabi mai shafi goma sha ɗaya. Da ta gwada na uku ya ce mata ita dai ta kula da shinkafa da kifin da za a naɗe a ganye, harkar dutse ta maza ce. Sonoe ta ce to, ta koma kicin.

Can da yamma sai ga tsoho Kihachi, masassaƙin dutsen da duk wani kabari a maƙabartarmu ya san guduma tasa ko ta ubansa. Ya durƙusa gaban tulun ya kunna turare, ya daɗe yana kallonsa, sannan ya tambaya ƙarfe nawa ake so ya zo ya buɗe kabari.

"Baba Kihachi, ka huta abinka," in ji Tatsuro. "Mutumin da ya yi aiki a bene mai hawa sittin, ba dutse mai hawa uku ne zai gagare shi ba. Da hannuna zan sa uwata."

"Ka auna?"

Tatsuro ya zaro tef ɗin awo daga aljihu ya kaɗa masa. Ya auna filin rumfa, ya auna igiyar lasifika, ya auna tsawon teburin furanni, har matakala ya ƙirga, saba'in da biyu ne.

"Komai na auna."

"To madalla," in ji Kihachi. Ya ce duk da haka zai zo, ɗan kallo ne kawai, kuma kada a damu da shi, zai taho da kujerarsa.

Washegari da safe Tatsuro ya hau maƙabarta janye da injin wanke mota, irin mai feshin ruwa da ƙarfi. A jikin dutsen gidan Kumazawa sunaye uku ne aka sassaƙa tun rasuwar babansu: na tsohon, na Kameyo, da na Gwaggo Tsuyako, ƙanwar tsohon, wadda ta dawo gida bayan mutuwar mijinta kuma nan za a sa ta. Sunan mai rai ja ake cika shi da fenti, ranar da mutum ya tafi a cire jan. Kihachi kan yi wannan aikin da allura da ɗan buroshi, ya shafe awa guda a kan suna ɗaya. Tatsuro ya ce aikin minti ɗaya ne, kawai dai ƙauye ba ta waye ba.

Yana murɗa makunni injin ya yi tsalle a hannunsa. Ruwan farko bai ko taɓa dutsen Kumazawa ba, kabarin gidan Moriwaki ya samu, ya share furanni da kofunan shayi da aka jera wa matattu, ya watsa su har layi na uku. Na biyu ya kwashe jajayen ƙyallayen da ake ɗaura wa ƙananan gumakan bakin hanya ya rataye ɗaya a reshen itace. Na uku ya sami matar marigayi Moriwaki, wadda ta sunkuya tana cire ciyawa a bayan kabarin mijinta, ya jiƙe ta tun daga ƙeya har dunduniya. Ta miƙe tana ɗigar ruwa, ta ce da ta san yau ranar wankan tsofaffi ce da ta zo da sabulu. Tatsuro ya ba ta haƙuri, ya kuma sanar da ita cewa kabarin mijinta ya samu wanki kyauta, irin wanda a Tokyo sai an yi layi.

Daga ƙarshe dai ya saita kan injin a dutsen gidansu ya yi ta zuga har gansakuka ta shekara ɗari ta kama gabanta. Dutse ya fito fari tas. Ya ja da baya ya riƙe ƙugu yana kallo. Kihachi na zaune a kujerarsa ta naɗewa a gindin bishiya, ya zuba shayi daga gora.

"Ka wanke duka?"

"Tas."

"Duka-duka?"

"Ko ɗigon ja ba ka gani."

"To. Gobe zan zo da wuri in kama wuri a gaba."

Ran taro gari ya waye garau. Liman Ryukai na ɗakin ibadarmu ya iso kan ɗan babur ɗinsa da ƙarfe goma, ya raɗa wa Tatsuro cewa sha biyu daidai zai tashi, don ana jiransa da wata gawa a bayan dutse. Tatsuro ya ce sha ɗaya ma an gama an ci abinci. Ya sa baƙar kwat da farar safar hannu, ya rungumi tulu, ya shige gaba, jama'a na biye. Mijin Sonoe ya ce ya kawo ya taya shi, Tatsuro ya ce babu mai ɗaukar uwarsa sai shi. A matakala ta ashirin gumi ya karyo masa. A ta arba'in numfashinsa ya koma na tsohon zakara. A ta hamsin da biyar Gwaggo Tsuyako, mai shekara tamanin da tara, ta wuce shi da sandarta, ta ce in ya iso ya same su.

Shi ya sa ita ta fara isa gaban dutsen. Ko da ya ƙaraso yana haki, ya tarar da mutane sun yi cirko-cirko, Gwaggo kuwa ta kafa tabarau a kan dutse kamar mai neman tsakuwa a shinkafa.

"Tatsuro, zo nan. Yaushe na mutu?"

"Na'am, Gwaggo?"

"Tambayarka nake yi. Yaushe na mutu ba a gaya mini ba? Ni dai na san da safen nan kwano biyu na ci."

Sai a lokacin ya dubi dutsen da idon hankali. Suna uku, duka fari fat. Ya gane ɓarnar da ya yi, amma bakinsa bai san da haka ba, ya ci gaba da aikinsa. Ya ce ai gyara ne na zamani, a Tokyo yanzu an daina wannan jan fentin, ƙauyanci ne.

"Au, a Tokyo da rai kuke binne mutane? Shi ya sa muka shekara talatin ba mu gan ka ba."

Aka fara tari a cikin jama'a, irin tarin da ake yi in dariya ta zo a maƙabarta. Gwaggo ta nemi gefen kabari ta zauna daram, ta ce tunda ɗan wanta ya riga ya sallame ta, to ta shiga sahun masu gida, kuma duk abin da aka kawo wa matattu da rabonta a ciki. Ta miƙa hannu kan farantin hadaya ta ɗauki wainar shinkafa ta fara ci. Babu wanda ya hana ta, don a bisa shaidar dutse tana da gaskiya.

Tatsuro ya ga babu mafita sai lasifika. Ya kunna, ta yi wata ƙara da ta tashi hankakin dutsen gaba ɗaya, sannan ya fara jawabi. Shafi na farko a kan uwarsa ne. Na biyu a kan irin ɗan da ta haifa. Na uku da na huɗu a kan wahalar da ɗan ya sha kafin Tokyo ta gane darajarsa. Liman ya dubi agogo sau uku. Da Tatsuro ya tsaya kurɓar ruwa a ƙarshen shafi na huɗu, Liman ya kaɗa ƙararrawa ya kama karatu da ƙarfi, jama'a suka haɗa hannu suka sunkuyar da kai da wata irin gaggawa da ban taɓa ganin mutanen Obatani sun yi ibada da ita ba.

Aka zo buɗe kabari. Ɗan dutsen da ake ƙona turare a kai, shi ke rufe da bakin ramin, kuma Kihachi da guntun katako yake gusar da shi. Tatsuro ya buɗe akwatin kayan aikin mota ya ɗauko ƙarfen cire taya. Ya zura, ya danna, dutse bai motsa ba. Ya tuɓe kwat, ya hau kan ƙarfen da ƙafa ɗaya. Dutse ya motsa gaba ɗaya a lokaci guda, ya kwanta a kan babban yatsan ɗaya ƙafar. Bai yi ihu ba, a nan kam ya yi jarumta, sai dai fuskarsa ta yi irin jan da ya wanke jiya. Mijin Sonoe da wani maƙwabci suka ɗaga masa.

Ga rami ya bayyana, baƙi, mai sanyi, bakinsa kamar na ƙaramin kwano.

Tatsuro ya dubi ramin. Ya dubi tulu. Ya sake duban ramin. Wurin ya yi tsit, ba ka jin komai sai taunar Gwaggo. A hankali ya zaro tef ya auna bakin ramin, ya auna tulu, ya koma ya sake auna ramin ko ya canza shawara.

"Ramin nan ya tsuke," in ji shi.

Daga kan kujerarsa Kihachi ya ce shekara ɗari da ashirin ke nan ramin yana haka, kuma iyakar saninsa dutse ba ya shan ruwa ya shige kamar rigar ulu, amma wataƙila wankin jiya ne.

Tatsuro ya ce matsala ce ta kusurwa kawai, an sha samun irinta a manyan ayyuka. Ya gwada ta gindi. Ya gwada ta kai. Ya kwantar da tulu ya gwada ta gefe, abin da ko akuya ta gani ta san ba zai yiwu ba. Sonoe ta matso ta ce, "Yaya," ya ce ta ba shi wuri, yana tunani. Tunanin ya haifi neman guduma da kurfi, zai ɗan faɗaɗa bakin. A nan Kihachi ya ajiye kofin shayinsa. Ya ce kakan Tatsuro na ciki, da kakan kakansa, da babansa da kowa ya san halinsa, in ya fasa musu ƙofa to ya shirya zaman gadi har ƙarshen ransa. Babu wanda ya miƙo guduma.

Sha ɗaya da kwata ta yi. Liman ya gama karatun da ya kamata, ya koma farko don kada a zauna shiru. Tatsuro ya sake waiwayar akwatin mota, idonsa ya faɗa kan gwangwanin giris. Ya cire safar hannu, ya kwaso baƙin man nan ya lafta wa tsuntsayen zinariya, ya shafe tulu tas. Ya ce a lura da kyau, wannan dabara ce ta injiniyoyi. Ya saita gindin tulu a bakin rami, ya durƙusa, ya sa gwiwa, ya tura da iyakar ƙarfinsa.

Tulu ya suɓuce kamar sabulu a hannun mai wanka. Ya bi ta tsakanin ƙafafun Liman, ya ratsa ƙarƙashin teburin furanni, ya kai bakin tudu, ya ɗan tsaya kamar mai sallama, sannan ya gangara ta kan ciyawar da ke gefen matakala, yana juyi, tsuntsayen zinariya na walƙiya a rana.

Jama'a suka daskare. Gwaggo ta haɗiye lomarta ta leƙa.

"Ta gaji," ta ce. "Ta tafi gida."

Tatsuro ya kurma ihu ya ce, "Inna!" ya bi ta da ɗingishi. Taku uku ya yi a tsaye, sauran gangaren da mazaunai ya ƙarasa shi, ya wuce tulun ma a hanya, ya zarce cikin magudanar gonar shinkafa ya nutse har ƙirji a taɓo. Tulu kuwa ya gangaro a natse ya tsaya cikin shukar shayin da ke bayan gidan Kameyo, wadda ta dasa da hannunta. Ko tsaga bai yi ba, murfi na nan a murɗe. Cikin duk abin da Tatsuro ya faɗa tun zuwansa, wannan kaɗai ya tabbata.

Ya rarrafo ya rungumi tulun ya zauna a ƙasa. Daga nan yana hango tagar kicin, da rumfar itace, da farin firiji a ciki. Agogonsa, da ya share taɓon, ya nuna sha biyu saura minti ashirin da biyar. Tsoro ya kama shi na gaske, ba na kunyar mutane ba, wannan ya riga ya wuce wurin. Abu ɗaya tak tsohuwar nan ta taɓa roƙonsa a rayuwarta, ga shi rana za ta raba tsaka, Liman ya tafi, tana waje, babansu na ciki. Ya kifa goshi a murfin tulu ya yi kuka, giris da taɓo da hawaye suka haɗu.

Sannan ya tashi ya sake hawa matakala saba'in da biyu, da yatsa a kumbure, babu wanda ya ji bakinsa. Da ya kai sama ya ajiye tulu a gaban kabari, ya juya wajen ƙanwarsa a gaban kowa.

"Sonoe, me kike son gaya mini tun shekaranjiya?"

Sonoe ta buɗe jakar hannunta ta fito da farin ƙyalle a linke, ta warware. Jaka ce ta auduga, ɗinkin hannu, ƙanana-ƙananan ɗinki a jere irin na Kameyo, wanda duk wanda ya taɓa sa rigar da ta yi wa faci zai gane. An maƙala mata 'yar takarda da fil. Sonoe ta ce shekara uku ke nan da Inna ta ba ta, tun kafin ciwo. Tatsuro ya miƙa hannu zai karɓa, Gwaggo ta riga shi. Ta ce matattu su ke da haƙƙin karanta wasiƙar 'yan'uwansu. Ta jawo makirfon da ya bari a kunne, ta gyara tabarau, muryarta ta cika dutsen har gonakin ƙasa.

"Sonoe, yayanki zai zo da wani abu babba. Kada ki hana shi, ba zai ji ba, kuma da zuciya ɗaya yake yi. Ki bari ya gama. In ya gama, ki sa ni a nan."

Wannan karon ba a yi tari ba, dariya aka yi sosai, har da Liman, har da matar Moriwaki da ke share ido da hannun riga. Tatsuro ya tsaya tsuru-tsuru da taɓo yana bushewa a jikinsa. Wato tun shekara uku da suka wuce, kafin a yi tulu, kafin a haƙa ƙasar da aka yi shi da ita, tsohuwa ta riga ta gan shi tsaf.

Kihachi ya naɗe kujerarsa ya taso. Ya sa aka zuba wa Tatsuro ruwa ya wanke hannu har gwiwa, aka shimfiɗa farin zane, aka murɗe murfi. Wa da ƙanwa suka durƙusa suka juye uwarsu a jakar da ta ɗinka wa kanta, a hankali. Da aka ɗaure bakin, Sonoe ta miƙa masa. Ya ce ita ta fi cancanta. Ta ce da shi aka yi alkawari, ya yi sauri kawai. Kihachi ya nuna masa yadda ake lallaɓa jakar ta bi bakin rami. Tatsuro ya kwanta rubda ciki ya zura hannu har kafaɗa, ya ji sanyin ƙasa, ya ajiye ta a kai. Sha biyu saura biyar Liman ya kaɗa ƙararrawar ƙarshe. Kihachi ya sa guntun katako ya mayar da dutse da hannu ɗaya, ɗayan hannun na riƙe da gorar shayi.

Jama'a suka fara haramar sauka cin abinci, Gwaggo ta buga sanda a ƙasa ta ce babu inda za ta, ita gawa ce, sai an dawo da ita duniya. Sai ga Kihachi ya laluba aljihu ya fito da ɗan gwangwanin jan fenti da siririn buroshi, wai tun jiya suke aljihunsa, shi ma bai san yadda aka yi ba. Tatsuro ya durƙusa gaban dutse yana cika sunan gwaggonsa layi-layi, tana tsaye a kansa tana gargaɗinsa kada ya kuskura ya ƙara masa girma.

Tulun yana nan har yau a rumfar itace, kusa da firiji.

Da yammacin ran taron, Tatsuro na loda injin wanki a mota, Sonoe ta fito ta miƙa masa wani farin ƙyalle a linke. Ta ce uku Inna ta ɗinka: tata, ta Gwaggo, da ta ɗan gidan, in lokacinsa ya yi kuma yana son ya dawo. Ya karɓa ya warware. Bakinsa ya buɗe da kansa, da alama zai ce da an ɗan ƙara wa tasa faɗi, sai ya rufe shi. Hannunsa ya tafi aljihu ya zaro tef, ya shimfiɗa jakar a kan motar ya ja tsawo, ya ja faɗi. Daidai take da ta uwarsa, ko ɗinki ɗaya ba ta fi ba.

Kihachi na wucewa da kujerarsa a hammata, ya tsaya.

"Ka auna?"

"Na auna, Baba."

"Za ta shiga?"

Tatsuro ya linke jakar sau huɗu ya sa a aljihun ƙirji.

"Za ta shiga."